Gala A Birni, Rumbu A Ƙauye: Darasi Kan Walima Da Almubazzaranci



Darasinmu na wannan mako ya shafi wata kalma wadda kakanninmu ba su san ta ba, amma yau babu yaron da bai san ta ba tun daga Fagge har Ɗambatta, watau gala. Dalilin ɗauko zancen kuwa shi ne, da zarar kaka ta yi, an yanke gero, an ɗaure dawa, sai ɗaurin aure ya kankama a ƙauyukan arewacin Jihar Kano, kuma irin shagalin da ake gani a waɗannan bukukuwa yanzu ba daga ƙauyen ya tsiro ba, daga birni aka kwaso shi.

Kalmar baƙuwa ce, daga bakin Turawa muka same ta. A wurinsu tana nufin ƙasaitaccen taro na dare inda attajirai da mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo ke caɓa ado su hallara, galibi domin a tara wa wata cibiya kuɗi. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake yi a birnin Niyok na Amurka tun 1948 domin sashen tufafi na babban gidan ajiye kayan tarihi na birnin, wanda a 2024 kuɗin kujera ɗaya a cikinsa ya kai dala 75,000. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: ko a gidan da aka haife ta, gala hanya ce ta shigo da kuɗi ga wanda ya shirya ta.

A Kano kuwa kalmar ta shigo ne ta hannun masu shirya fim. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset ɗin bidiyo. Kafin shekara goma ta cika sana'ar ta bunƙasa, har a 1999 aka laƙaba mata sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa, a shekarar kuma mujallar Fim ta soma fitowa. Daga fim ɗin Sangaya na wannan lokaci rawa da waƙa irin ta finafinan Indiya suka zama gishirin kowane fim. To, tun da jama'a sun ga 'yan wasa suna rawa a akwatin talbijin, sai suka so su gan su ido da ido. Nan aka samu gala irin tamu: a kama fili ko zaure, a sa kuɗin ƙofa, 'yan wasa su hau dandamali su taka rawar waƙoƙin fim, masu kuɗi su fito su yi liƙi. Daga baya aka ƙara da daren ba da lambar yabo, da walimar fitowar sabon fim, da bukukuwan auren 'yan wasan kansu, waɗanda akan kwashe kwana da kwanaki ana yi, yau kamu, gobe dina, jibi daren Larabawa, kowace rana da irin ankonta. Manyan gari suka ɗauka, 'yan kasuwa suka ɗauka, aka gina zaurukan biki na haya a unguwannin bayan ganuwa.

Kafin mu ci gaba, akwai gargaɗi ɗaya. Ba mu buɗe wannan fili domin mu ci naman 'yan fim ba. A cikinsu akwai masu salla da azumi da riƙon marayu, akwai kuma waɗanda ba haka ba, kamar yadda yake a kowace sana'a. Wanda ya saba buɗe baki ya jefi kowace mace mai fitowa a fim da alfasha, ya koma ya karanta aya ta 4 a Suratun Nur ya ga bulala tamanin da aka tanadar wa mai ƙazafi wanda ya kasa kawo shaidu huɗu. Sau da yawa laifin mai zagin ya fi na mai rawar nauyi a ma'auni.

Yanzu mu bar birni mu fita ta Ƙofar Ruwa ko ta hanyar Dawanau, mu nufi ƙasar Dawakin Tofa da Bichi, ko mu bi ta Ungogo da Minjibir har Ɗambatta da Makoɗa. Wanda ya san wannan yanki ya san babu daji a cikinsa. Gona ce ta jingina da gona, gida yana hango gida, iyaka kuwa 'yar shuka ce ta gamba ko lalle ko jan kunne. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna wa duniya abin da manomanmu suka daɗe da sani: ƙasa ce da ake nomawa kowace shekara ba hutu, abin da ya riƙe ta kuwa shi ne takin awaki da tumaki da na bola, wanda a dā jakuna ke ɗaukowa daga birni bayan sun sauke itace. Tun wancan lokaci mutane sun ninka, ƙasa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. Duk sa'ad da maigida ya rasu aka raba gado, gonar da ta ciyar da gandu guda sai ta koma 'yan ƙananan fegi. Gyaɗar da ta gina dala a Kano ta faɗi tun bayan farin 1973 da cutar da ta cinye ta a 1975. In ka ɗebe masu noman rani a bakin madatsar Watari ta Bagwai da ta Tomas, yawancin mutanen yankin damina ɗaya suke da ita a shekara, abin da ya shiga rumbu a kaka shi ne zai kai su wata kakar.

Cikin irin wannan gida ne gala ta shiga. Da fari ta zo a kaset, ana kallo a gidan kallo da janareto. Yanzu tana cikin aljihun kowane saurayi da budurwa, a wayar hannu. Yarinya a Tsanyawa tana ganin dinar da aka yi jiya da dare a Nasarawa kafin ta gama dakan safe. Saboda haka in aurenta ya zo, ba ta ƙara yarda da kalangu da gaɗa a dandali. Sai an ɗauko dije da lasifikarsa daga gari, an yi hayar rumfa da kujerun roba, an kira mai kwalliya da mai ɗaukar hoto, an fitar da anko biyu ko uku, an sayo lemon kwalba da shinkafa 'yar gwamnati, ango da abokansa sun nemo sababbin takardun kuɗi na liƙi. Duk wannan kuwa ƙari ne a kan lefe da kayan ɗaki da gara, waɗanda dā ma su kaɗai sun isa su karya ƙashin bayan talaka.

Bahaushe ya ce wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka. Ɗan wasan da ya shirya gala a birni sana'arsa yake yi. Ya karɓi kuɗin ƙofa, ya kwashe liƙi, adon da ya sa jarinsa ne, domin da shi za a kira shi wani fim ko wata talla. In gari ya waye ya fi jiya kuɗi. Manomin da ya kwaikwaye shi a bikin 'yarsa ba shi da ƙofar da zai karɓi kuɗi, kuma in gari ya waye abin da zai tarar shi ne ɓawon leda a tsakar gida da rumbu wanda ya sauka rabi. Siffar shagalin ɗaya ce, amma wancan shiga ce, wannan fita ce. Wannan bambanci shi ne zuciyar darasinmu, kuma da shi shari'a take auna al'amarin.

Kada wani ya ɗauka Musulunci ya hana murna a wurin aure. Ko kusa. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, da ta komo Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya tambaye ta ko ba su tafi da abin wasa ba, ya kuma ba da dalili da cewa mutanen Madina suna son wasa. An halatta buga tambura irin na mata, wanda Larabawa ke kira duffu, domin a bayyana aure a raba shi da auren ɓoye. Game da sauran kayan kiɗa malamai sun yi saɓani tun dā, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa, wanda ya tsananta a kan bidi'o'in aure da cuɗanyar maza da mata a cikin Ihya'us Sunna, shi ne kuma a cikin Najmul Ihwan ya kawo saɓanin malamai kan kiɗa, ya ja kunnen almajirai kada su tsananta inkari a kan abin da magabata suka saɓa a kansa. Don haka ba za mu tsaya jayayya kan kalangu da lasifika ba. Akwai abin da ba a yi saɓani a kansa ba, shi za mu kama.

Na farko dai walima. A mazhabar Imamu Malik walima mustahabbi ce, a kan ango take, kuma an fi so a yi ta bayan tarewa. Ma'auninta kuwa ƙarfin mai yi. Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya zo Madina ba shi da komai ya shiga kasuwa ya samu, da ya yi aure a kan sadakin zinariya mai nauyin ƙwallon dabino, an umurce shi ya yi walima ko da da akuya guda. Da Manzon Allah ya auri Nana Zainab 'yar Jahshi an yanka akuya, jama'a suka ci gurasa da nama suka ƙoshi, kuma sahabin da ya ba da labarin ya ce bai ga ya yi wa wata daga cikin matansa walima kamar wannan ba. Ku duba fa, mafi girman walimar shugaban halitta akuya ɗaya ce. Da ya auri Nana Safiyya a kan hanyar komowa daga Haibara a shekara ta 7 bayan hijira, babu nama babu gurasa. An shimfiɗa buzu, aka nemi duk mai wani abu ya kawo, wannan ya kawo dabino, wancan cuku, wani man shanu, aka cuɗa aka ci.

A nan ya kamata mutumin ƙauye ya tsaya ya yi tunani, domin wannan walima ta Nana Safiyya ita ce ainihin bikin da iyayenmu suka sani. Maƙwabciya ta kawo ƙwaryar gero, ƙawar biki ta kawo daddawa da kuka, samari su yi gayya su yaɓe ɗakin amarya, mata su haɗu su yi daka, a tuƙa tuwo a dama fura, almajiri da makaho da baƙon da dare ya yi masa duk su ci. Ashe dai abin da muke jin kunyarsa yanzu muna kiransa ƙauyanci ya fi kusa da sunna nesa ba kusa ba. Dina kuwa da kati ake shiga, akwai ƙato a bakin ƙofa mai korar wanda ba shi da shi. Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito, kuma yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, cewa abincin da ya fi kowane muni shi ne na walimar da aka kira mawadata aka ƙyale matalauta. Ban san wata siffa da ta fi dacewa da taron kati ba. A ƙauye ma an soma ganin haka: abinci mai kyau a leda ga baƙin birni da 'yan anko, ragowar tukunya ga maƙwabtan da suka yi dakan.

Na biyu, israfi da tabziri. Malamai sun bambanta su. Israfi shi ne wuce iyaka a cikin abin da asalinsa halal ne, kamar ci da sha da sutura, kuma aya ta 31 a Suratul A'araf ta yi umurni da ado da ci da sha, a wuri ɗaya kuma ta hana wuce iyaka. Tabziri kuwa, wanda muke kira almubazzaranci, shi ne zubar da dukiya inda bai dace ba ko kaɗan, kuma a ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra'i an haɗa masu yin sa 'yan'uwantaka da shaiɗanu. Abin lura shi ne israfi ba shi da adadi ɗaya ga kowa. Attajirin Kantin Kwari ya yanka sa biyu a walimar ɗansa ya ciyar da unguwa, iyalinsa ba su rasa komai ba, wannan bai yi israfi ba. Manomi mai fegi biyu ya sayar da tunkiyar da takinta ke riƙe da gonarsa domin ya biya dije, wannan ya yi, ko da kuɗin bai kai na ƙafar san attajirin ba. Amma liƙi, inda ake watsa kuɗi a goshin mai rawa ana tattaka su domin a gani a faɗa, wannan ya haɗa tabziri da riya, ga mai shi da marar shi. Dokar ƙasa ma ta hana: dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu, ga mai wulaƙanta naira ta wannan hanya, kuma a 2024 an ɗaure wasu a kanta.

Akwai aya guda wadda kamar domin manoma aka saukar da ita, ita ce ta 141 a Suratul An'am. Ta ambaci gonaki da dabino da shuke-shuke masu ɗanɗano iri-iri, ta ba da izinin a ci in sun nuna, ta yi umurni a fitar da hakkinsu ranar girbi, sa'an nan nan take ta hana israfi. Ku dubi hikimar jera waɗannan abubuwa wuri ɗaya. Ranar girbi ita ce ranar da hannun manomi ya fi sakewa, domin yana ganin dami jibge a gabansa, ya manta da watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ke ƙara in an ƙwanƙwasa shi. Hakkin nan kuwa sananne ne: in hatsi ya kai nisabi, watau wasƙi 5, kowane wasƙi sa'i 60, jimla sa'i 300, ana fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya bisa ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma shi. Shi ya sa dattawa ke ware dami ɗaya cikin kowane goma tun a gona. Tambayar da kowane uban amarya zai yi wa kansa ita ce, wanne ya fara fita daga gonata bana, damin zakka ko damin dije?

Ga yadda abin ke tafiya a aikace. Biki yana zuwa ne a daidai lokacin da hatsi ya fi arha, domin kowa ya kai nasa kasuwa. Manomi ya kai buhunansa kasuwar Bichi ko Ɗambatta, 'yan sari su saya su tara a rumbunan Dawanau. Da damina ta tsaya, shi wannan manomi ne zai koma ya auno irin hatsin nan da mudu a kan tsada, a lokacin da yake bukatar kuɗin takin zamani, wanda tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 shi da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo. In hatsin bai isa biki ba, sai dabbobi. In sun ƙare, sai bashi. In bashi ya ƙi, sai jinginar gona.

A kan jingina ya kamata mu daɗe kaɗan, domin mutane da yawa suna cikinta ba su san hukuncinta ba. Yadda aka saba yi shi ne, mai gona ya karɓi kuɗi, mai kuɗi ya karɓi gona ya yi ta nomawa yana kwashe amfanin, shekara biyu ko biyar ko goma, har ran da aka mayar masa da kuɗinsa cif. Jingina kanta halal ce, an ambace ta a ƙarshen Suratul Baƙara. Amma ƙa'idar malamai ita ce, rancen da aka sharɗanta masa wani amfani ga mai bayarwa riba ne, kuma malaman Malikiyya sun bayyana cewa ba ya halatta mai ba da rance ya sharɗanta cin amfanin abin da aka jinginar masa. Ke nan daren shagali guda ya jefa Musulmi biyu cikin riba, mai karɓa da mai bayarwa. Kuma a ƙasar da babu dajin da za a sara a yi sabuwar gona, gonar da ta fita hannu da wuya ta komo. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba. Shi kansa bashin ba ƙaramin abu ba ne. An kawo wata gawa gaban Manzon Allah, da ya ji akwai bashin 'yan dinarai a kanta kuma ba ta bar abin biya ba, sai ya ja da baya ya ce sahabbai su sallace ta, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wannan fa ba a ce bashin rawa ba ne.

Sakamakon yakan faɗa kan wadda aka ce domin ta aka yi. Kafin lallen amarya ya goge, ango ya ɗauki jaka ya tafi ci rani Legas ko Abuja ko Fatakwal neman abin biyan bashi, ya bar ta da hotuna a waya da surukar da ke ganin ita ce ta cinye gonar gidan.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce Malam, aure sau ɗaya ne ga budurwa, in ba a yi mata yadda aka yi wa ƙawarta ba za a yi mata gori har ta tsufa. Wannan magana tana da nauyi, kuma wanda bai taɓa aurar da 'ya ba kada ya raina ta. Gorin kishiyoyi da na dangin miji abu ne mai ciwo. Amma fa a lura, gorin nan mu ne muke yin sa. Uwar da ke kuka bana an matsa mata, ita ce bara ta taɓe baki a bikin 'yar maƙwabciya ta ce ko dije ba su iya ɗaukowa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Za su kuma ce tela da mai hayar kujeru da mai hoto suna ci daga ciki. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar ɗinki ko a zauna a ƙasa ba. Sai dai sana'ar da ba ta rayuwa sai maƙwabci ya jinginar da gonarsa, ba ta ƙara wa gari arziki ba, ta dai kwashe shi daga hannun mai noma zuwa hannun mai lasifika.

Wani abin mamaki kuma, a daidai lokacin da ƙauye ke cin bashi domin ya yi kama da birni, birni ya ƙirƙiro wata rana a cikin bukukuwansa da ake kira ranar ƙauyawa. 'Yan mata da samari su sa tsummokara da saƙi, su shafa baƙi a haƙora, su ɗauki ƙwarya da fartanya, su karkace harshe suna kwaikwayon maganar mutanen karkara, ana ta dariya ana ɗauka a waya. Watau wanda ya noma tuwon da za a ci a wurin shi ne abin dariyar wurin. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, maza ko mata, ta kuma faɗi dalili, cewa mai yiwuwa wanda ake yi wa ya fi mai yi alheri. A 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana wannan biki. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ɗan ƙauyen da ya ga ana yi masa dariya, maimakon ya gane darajar abin da yake da shi, sai ya ƙara ƙaimi wajen gudunsa.

Hukuma dai ta yi nata ƙoƙari. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, aka yi dokar Hukumar Hisba a 2003. Da aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa a 2007 ya tsananta ƙwarai, har wasu 'yan fim suka kwashe aikinsu suka koma Kaduna, kuma an sha rufe gidajen gala ana sake buɗewa. Abin da ya fi waɗannan duka amfani a ganina shi ne auren gata da aka soma a 2012 da ma'aurata 100, wanda a Oktoban 2023 aka ɗaura na ma'aurata 1,800 a lokaci guda, domin ya nuna wa jama'a ido da ido cewa aure yana ɗauruwa da sadaki da gado da katifa da buhun abinci, ba tare da dina ba. Amma ɗan Hisba ba zai kwana a kowane tsakar gida ba, kuma babu dokar da za ta hana mutum sayar da geronsa. Abin da zai yi aiki a ƙauye shi ne abin da ya saba aiki: liman da dagaci da masu unguwa da dattawan mata su zauna su yanke abin da gari zai iya ɗauka, anko nawa, kwana nawa, ƙarfe nawa za a kashe lasifika, sa'an nan masu hali su fara bi a bikin 'ya'yansu. In mai kuɗin gari ya aurar da 'yarsa da tuwo da fura, ya rufe bakin masu gori ga talakawa hamsin. Kada kuma a bar mata a baya a wannan zama, domin biki a hannunsu yake, duk shawarar da aka yanke a zaure ba da saninsu ba a zauren za ta kwana.

Saura hukuncin wanda aka gayyata, domin ana yawan tambayarmu. Amsa kiran walimar aure wajibi ne ga wanda aka kira da sunansa. Amma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a cikin Risala, wadda kowane almajirin zaure ya karanta, ya sa sharaɗi cewa kada a samu wasan banza bayyananne ko abin ƙi a wurin, kuma ko ka je, cin abincin zaɓinka ne. Sharhohin Muhtasar sun ƙara da wasu uzurori, kamar cunkoso mai cutarwa, ko a rufe ƙofa a wulaƙanta mai shiga, ko a samu wanda zamansa zai cuce ka. Saboda haka taron dare na rawar maza da mata a cakuɗe, da liƙi, da kiɗan da ke danne kiran sallar Asuba, ba ya cikin walimar da aka wajabta maka, kuma ƙin zuwansa ba yanke zumunci ba ne. Sai dai ƙin zuwa ma yana da ladabi. Ka halarci ɗaurin aure, ka yi wa ango da amarya addu'ar albarka, ka ci tuwon walima da rana tare da jama'a. Gudummawar da ka yi niyya kuwa, maimakon ka canza ta sababbin takardu ka watsa a fili, ka auna ta hatsi ko ka ƙulle ta a hannu, ka kai wa uban amarya ko angon a keɓe bayan kwana bakwai, sa'ad da baƙi suka watse, masu bin bashi suka fara sallama. Allah ne Mafi sani.